Baƙar Tagar da Ke Riƙe da Amanar Matattun Na'urori

Duk wanda ya taɓa leƙa kwamfutar mai rubuta manhaja ya ga wata baƙar taga, ba hoto ba ado, sai rubutu yana gangarowa. Ana kiranta taminal. Sunan aro ne. Taminal ta asali na'ura ce mai nauyi, da allonta da madannanta, ana ɗora ta a tebur a ja mata waya zuwa babbar kwamfuta da ke wani ɗaki. Yayin irinta ya wuce tuntuni, amma manhajojin da aka rubuta dominta suna nan da ransu, sai aka gina wata manhajar ta tsaya a madadinta, tana amsa kira da sunanta. Zuciyar wannan manhaja laburare ce, wato tarin umarnin da ke karɓar bayit-bayit, ya tantance su, ya ce wane harafi zai zauna a wane gurbi da wane launi. A baki aikin ba wuya. Ga abubuwan da mai gina ta ke tararwa idan ya tsunduma.

Gadon injin buga takarda

A Linux ko macOS, rubuta tty ka danna Enter, za a faɗa maka sunan taminal ɗin da kake ciki. Haruffan nan uku guntun sunan Teletype ne, injin tangaraho mai buga rubutu a takarda. Samfurinsa mai lamba 33, wanda ya fito a 1963, harafi 10 yake bugawa a daƙiƙa, kuma manyan baƙaƙe kaɗai ya sani. A gaban irinsa Ken Thompson da Dennis Ritchie suka zauna a Bell Labs suna gina Unix. Mai jiran harafi goma a daƙiƙa ba ya son dogon zance. Dubi umarnin Unix: ls, cp, mv, rm. Editan ed ma, in ka yi kuskure, alamar tambaya ɗaya tak yake buga maka.

Sauka sabon layi aiki biyu ne a wannan inji. Lamba 13 ta mayar da kan bugu farkon layi, lamba 10 ta murɗa takarda sama. Daga nan aka rabu: Windows ta riƙe duka biyun, Unix ta ɗauki 10, tsohuwar Macintosh ta ɗauki 13. Laburaren taminal har yau yana ɗaukar su a matsayin umarni biyu daban. In aka aiko masa 10 ita kaɗai, manuni zai sauko ƙasa ba tare da ya koma hagu ba, rubutu ya yi ta zamewa dama kamar matakalar bene.

Kan bugun ƙarfe ne, yana bukatar lokaci kafin ya isa hagu. Don kada harafi na gaba ya faɗa a tsakiyar hanya, sai a bi umarnin da haruffan banza waɗanda ba sa buga komai, ko a ɗan dakata. Saitin wannan jinkiri yana nan a Linux har gobe, stty zai nuna maka shi.

Shi dai stty zai ce maka gudun layinka 38400 ne, alhali babu layi, babu waya.

Lamba 7 ƙararrawa ce, ta gaske, ta ƙarfe, a cikin injin. Lamba 127, wadda ke nufin gogewa, ta zauna can ƙarshen jeri, nesa da 'yan uwanta da ke tsakanin 0 da 31, saboda siririyar takarda mai huji da ake adana saƙo a kai. Ba a iya toshe hujin da aka riga aka yi. In ka yi kuskure sai ka huda duka gurabe bakwai, injin ya gane cewa wannan a tsallake shi. Huji bakwai a lissafin kwamfuta shi ne 127.

In ka rufe tagar taminal, manhajar da ke ciki tana samun sigina mai lamba 1, SIGHUP, wanda ma'anarsa an kife kan tarho. Daga zamanin da ake shiga kwamfuta ta layin tarho ne, layin ya yanke.

Tsofaffin Unix kuwa, in ka rubuta sunanka na shiga da manyan baƙaƙe zalla, sai su ɗauka injinka bai san ƙanana ba, su koma yi maka magana da manya har ka fita.

Harafin da ka danna ba taminal ce ke nuna shi ba

Wannan yana ba sababbin shiga mamaki. Ka danna k, taminal ta aika da shi can wajen kwamfuta, can ɗin ne ke maido da shi, sannan ya bayyana. Shi ya sa wajen rubuta kalmar sirri ba ka ganin komai: an kashe maidowar ne kawai. Haka Ctrl da C. Taminal ba ta san yana tsayar da manhaja ba, lamba 3 kawai take turawa, wani sashe na tsarin kwamfutar da ke tsakani ne ke mayar da ita umarnin tsayawa.

Gurbi 80, layi 24

Faɗin taga na gurbi 80 ya samo asali daga katin IBM mai huji na 1928, wanda ke ɗaukar harafi 80. IBM 3270 ta 1971 tana nuna layi 24, jimilla harafi 1,920. A 1978 kamfanin DEC na jihar Masachusets a Amurka ya fitar da VT100 da wannan girma, da na'urar Intel 8080 a cikinta, kuma tana cikin na farko da suka bi ƙa'idar umarni ta bai ɗaya, wadda ECMA-48 ta fara shimfiɗawa a 1976. Ta yi kasuwa har ta zama ma'auni. Kusan duk taminal ta yau jikanyarta ce.

VT100 tana da wani umarni, ESC # 8, da ke cika allo gaba ɗaya da harafin E. Masu gyara ne ke amfani da shi su daidaita hoton allon. Allon yau ba ya bukatar wannan gyara, amma laburare mai mutunci yana aiwatar da umarnin, domin manhajojin gwaji suna nema. Tana kuma da ƙananan fitilu huɗu a kan madannanta da manhaja ke iya kunnawa, da layi mai ninkin tsawo da faɗi.

Babban tarkon da VT100 ta bar wa magada yana gurbi na 80. A hankalce, in ka rubuta harafi a gurbin ƙarshe, manuni ya kamata ya sauka sabon layi nan take. VT100 ba ta yin haka. Manuni zai tsaya a wurin, na'urar ta riƙe a ranta cewa akwai saukar da ake binta bashi. Sai harafi na gaba ya zo sannan ta biya. In kuwa umarnin matsar da manuni ne ya zo, bashin ya faɗi. Hikimar a fili take: da haka ake iya cika kusurwar ƙarshe ta ƙasan allo ba tare da komai ya ture sama ba. Wahalar ita ce tantance wane umarni ke soke bashin, wane ne ba ya sokewa, kuma a nan taminal-taminal suka sha bamban da juna. Ina ganin babu wurin da ke nuna ƙwarewar mai gina laburare kamar wannan gurbi guda. Wanda ya yi sakaci da shi zai ga layi fanko yana kutsowa tsakiyar rubutu, ya kwana yana neman dalili a inda ba ya nan.

Akwatunan da ake zanawa da layi a cikin taminal, da haruffa ake yin su. VT100 tana da jerin baƙaƙe na biyu, inda q ke zama layi a kwance, x layi a tsaye, l da k kusurwoyin sama, m da j na ƙasa. In ka taɓa ganin lqqqqk a saman wata manhaja, umarnin sauya jerin ne bai shiga ba. Akasin haka ma na faruwa: ka buɗe fayil ɗin hoto a taminal bisa kuskure, wata lamba a ciki ta juya ka zuwa jerin zane, duk abin da ka rubuta ya zama 'yan sanduna. Maganinsa ka rubuta reset ko da ba ka iya karanta abin da kake rubutawa.

Madannan wani mutum a 1976

Masu amfani da editocin vi da Vim suna motsa manuni da h, j, k, l. Bill Joy ya rubuta vi a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a kan taminal ADM-3A ta kamfanin Lear Siegler, wadda aka zana kibiyoyi a kan waɗannan haruffa huɗu. Maɓallin Esc nata yana inda Tab yake yau, kusa da ɗan yatsa, shi ya sa vi ta dogara da shi haka. A na'urar dai, alamar ~ da kalmar Home suna kan maɓalli ɗaya, kuma a Unix ~ na nufin jakarka ta gida.

Wasu taminal na kamfanin Hazeltine ba sa iya nuna ~ ɗin sam, domin da ita suke fara umarninsu. Kundin terminfo, mai bayanin halin kowace taminal, yana da gurbi na musamman don wannan lalura.

Kundin kansa ya samu ne saboda a shekarun 1970 kowane kamfani da yarensa. Joy ya haɗa termcap a 1978, littafin da ke faɗin yadda ake goge allo ko matsar da manuni a kowace na'ura. Ken Arnold ya gina laburaren curses a kan termcap, wasan Rogue na 1980 ya hau kan curses, Mary Ann Horton ta kawo terminfo a Bell Labs. Kwamfutar Linux da aka saka wa cikakken kundin tana ɗauke da bayanin ɗaruruwan na'urorin da sai a gidan tarihi ake ganinsu.

Manhaja tana sanin irin taminal ɗin da take ciki ta wani suna, TERM. Ɗimbin taminal suna cewa su xterm-256color ne, alhali ba taminal ɗin da ake kira xterm ba ne. Ba su da zaɓi sosai: manhajoji da yawa suna duba ko akwai kalmar xterm a sunan kafin su saki launi. Har sababbin da suka so tsayawa da sunansu sai da suka raɓa: xterm-kitty, xterm-ghostty.

Matsalar Esc

Danna Esc, taminal ta aika 27. Danna kibiyar sama, ta aika 27, sai [, sai A. To manhaja ta ga 27 ta iso. Esc aka danna, ko farkon kibiya ne sauran na tafe? Babu abin da ke rarrabewa sai agogo. Manhaja za ta ɗan jira, in ba abin da ya biyo ta ce Esc ne. Laburaren ncurses yana jiran daƙiƙa guda cur in ba a sauya masa ba, manhajar tmux ta shekara da shekaru tana jiran rabin daƙiƙa. Wannan shi ne nauyin da wasu ke ji in sun danna Esc a Vim. A rage jiran kuma, ranar da intanet ta yi rauni kibiya ta rabu biyu a hanya, sai ka ga A ta faɗo cikin rubutunka. Duk wanda ya taɓa shiga saba ta nesa da datar waya mai yankewa ya san wannan A ɗin.

Maɓallin Ctrl ragi yake yi. G lambarta 71, a cire 64 saura 7, ƙararrawa ke nan. I ta koma 9, wato Tab. M ta koma 13, wato Enter. [ ta koma 27, wato Esc. Saboda haka a tsohon tsari babu manhajar da za ta iya bambance Ctrl da I daga Tab, abu ɗaya ne ke isowa. Paul Evans ya ba da shawarar sabuwar hanyar aika maɓallai, Kovid Goyal mai taminal ɗin kitty ya faɗaɗa ta, har ana iya sanin lokacin da aka saki maɓalli. Amma dole manhaja ta roƙa kafin a kunna, don kada tsofaffi su rikice.

Ctrl da S yana daskarar da taminal. Ba lalacewa ba ce, roƙo ne na injin da aka fi shi sauri: dakata in gama bugawa. Ctrl da Q ke sakinta.

Linzamin kwamfuta ma da nasa. A tsohon tsarin xterm, ana ƙara 32 a kan lambar gurbin da aka danna a tura a bayit ɗaya. Bayit ba ya wuce 255, saboda haka duk abin da ya haura gurbi na 223 ba ya kaiwa. Da allo ya faɗaɗa sai da aka ƙirƙiro wani tsarin, mai lamba 1006, da ke rubuta lambar da alƙaluma.

Launi

VT100, wadda ake jingina mata komai, ba ta da launi ko ɗaya. Ƙa'ida ta ba da takwas, daga 30 zuwa 37, ta ambaci sunayensu ba tare da ta ce wane irin ja ko wane irin shuɗi ba, shi ya sa shuɗin wata taminal ba ya karantuwa a kan baƙi. Masu haske, 90 zuwa 97, daga aixterm ta IBM suka fito. A 1999 xterm ta kai 256: na asali 16, sai 216 daga shida sau shida sau shida, sai toka-toka 24. Yau ana da 16,777,216. Ƙa'idar T.416 ta ce a raba lambobin launi da ɗigo biyu, aikin da ya yaɗu ya raba da waƙafi mai ɗigo, mai laburare ya karɓi duka biyun.

Inda Hausa ta shigo

Taminal gidan dara ce, kowane harafi da raminsa. Wannan ya yi daidai lokacin da haruffan Ingilishi kaɗai ake da su. Baƙaƙen Sin da Japan da Koriya rami biyu suke ci. Alamar karin sauti da masana Hausa ke ɗora wa wasali ba ta cin ko ɗaya, hawa take yi kan na gabanta. Akwai kuma waɗanda faɗinsu ya danganta da inda kake, kamar baƙaƙen Girka da na Rasha, da ke cin biyu a tsofaffin tsare-tsaren gabashin Asiya, ɗaya a sauran wurare. Manhajar da ke rubutu da taminal da ke nunawa kowa lissafinsa yake yi shi kaɗai, ba sa tuntuɓar juna. Ranar da lissafin ya saɓa, manuni yana wani wuri, manhaja na zaton yana wani.

Ɗan hoton iyali na waya, uba da uwa da 'ya'ya biyu, alamomi bakwai ne aka ɗaure: mutum huɗu da maɗauri uku, bayit 25. Tsohon lissafi zai ba shi rami takwas, ido kuwa biyu yake gani. An fito da wani saiti mai lamba 2027 don ɓangarorin biyu su yarda a kan lissafi ɗaya.

Yanzu ga wanda ya fi taɓa ni. Ken Thompson ya zana tsarin UTF-8 a watan Satumba na 1992, a kan takardar shimfiɗar tebur a wani gidan abinci a jihar New Jersey, kamar yadda Rob Pike da ke tare da shi ya ba da labari. A wannan tsari, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne bayit biyu ne. Babban Ƙ shi ne 198 sai 152. To a tsohuwar ƙa'idar taminal, lambobi daga 128 zuwa 159 umarni ne, kuma 152 na nufin an fara wani saƙo na ɓoye, a haɗiye duk abin da ya biyo har sai an ga alamar rufewa. Laburaren da ke duba umarni kafin ya harhaɗa haruffa, in aka ba shi Ƙasar Hausa, zai ga 152 ya yi shiru, sauran jimlar da abin da ke bayanta su nutse. Ƙaramin ƙ yana ƙarewa da 153, ɗ da 151, ɓ da 147, Ɗ da 138, duka a cikin wannan fili na umarni. Laburaren zamani masu kyau suna harhaɗa harafi tukuna kafin su tambayi ma'anarsa, don haka ba ka ganin matsalar. Amma in Bahaushe zai gwada sabuwar taminal, kalma mai farawa da Ƙ gwaji ce ta gaske, wadda rubutun Ingilishi zalla ba zai taɓa tono ta ba.

Ajami ya fi haka wuya. Daga dama yake tafiya, harafi na sauya kama gwargwadon maƙwabtansa, lam da alif suna narkewa su zama siffa ɗaya, ga wasulla sama da ƙasa, har da ɗigon imala, waɗanda ba su da ramin kansu. Sannan tambayar da ta fi kowace: wa zai juya layin, manhaja ko taminal? In duka suka juya, ya koma yadda yake. Taminal irin su mlterm da Konsole sun daɗe suna ƙoƙari, laburaren VTE ya samu nasa tsarin a 2019 ta hannun Egmont Koblinger. Da yawa har yanzu suna jera baƙaƙen a rarrabe daga hagu. Fili ne da ke jiran masu hannu, kuma wanda ya tashi da allo da tawada ya fi kowa sanin yadda daidai take kama.

Rubutu mai cizo

Tunda umarni da rubutu a bututu ɗaya suke tafiya, buɗe fayil kawai na iya zama haɗari. A 2003 H. D. Moore ya nuna yadda ake yi: umarni ɗaya ya sauya sunan taga zuwa mugun umarni, na biyu ya ce wa taminal ta faɗi sunan tagarta. Amsar tana shiga ta hanyar da madannai ke bi, tamkar kai ka rubuta. Saura ka danna Enter. Taminal da yawa sun toshe wannan amsa tun daga lokacin. A 2019 wani binciken da Mozilla ta ɗauki nauyi ya gano ɓaraka mai tsanani a taminal ɗin iTerm2 wadda ta kai shekara bakwai a ciki.

Liƙa rubutun da aka kwafo ma haka: in akwai sauka layi a ciki, umarnin ya tashi kafin ka karanta. Saiti mai lamba 2004 yana sa taminal ta yi wa abin da aka liƙa shinge gaba da baya. Manhajar Bash 5.1 ta Disambar 2020 ta fara kunna shi da kanta.

Ƙararrawar nan ta lamba 7 ta samu aiki na biyu. A xterm, ita ce ke rufe umarnin sauya sunan taga, kuma a nan ba ta kaɗawa.

Masu riƙe da igiyar

Ƙa'idojin sun faɗi abin da za a yi da umarni mai kyau, ba su faɗi na gurɓatacce ba. Paul Williams ya bi halayen na'urorin DEC ya zana taswira mai matsayi 14 da ke nuna inda kowane bayit zai kai ka daga duk inda kake. A cikinta za ka ga cewa in lamba 13 ta faɗo tsakiyar wani umarni, ana aiwatar da ita nan take a ci gaba da umarnin, 24 ko 26 kuwa soke shi suke yi. Laburare da dama na yau a kan wannan zane suka tsaya. Manhajar gwaji ta vttest, wadda Per Lindberg ya rubuta a shekarun 1980, har yanzu ita ce jarrabawar shiga.

Ita xterm ta girmi tsarin tagogin X da ake saninta da shi. Mark Vandevoorde ya fara ta a 1984. Tun 1996 Thomas Dickey ke kula da ita, shi ne kuma mai kula da ncurses da vttest. Mutum ɗaya, wajen shekara talatin, a ƙarƙashin aikin miliyoyin mutanen da ba su san sunansa ba. A cikin xterm har yau akwai taga ta biyu mai kwaikwayon Tektronix 4014, na'urar zane ta shekarun 1970.

Kaɗan ne ke gina taminal daga tushe. GNOME Terminal da Tilix da Terminator da ta Xfce duka VTE ce a cikinsu. Taminal da ke cikin Vim da Neovim libvterm ce ta Paul Evans. Ta cikin VS Code xterm.js ce, wadda salsalarta ke komawa ga 'yar taminal da Fabrice Bellard na Faransa ya rubuta a 2011 don ya nuna Linux na gudana a cikin burauza. Editan Zed ya ari zuciyar Alacritty, wadda Joe Wilm ya fitar a 2017. Mitchell Hashimoto ya saki Ghostty a Disambar 2024, da niyyar ware cikinta ya zama laburare mai suna libghostty da kowa zai iya dasawa a manhajarsa.

Windows ba ta da bututun taminal irin na Unix sai 2018, da ConPTY ya zo. Kafin nan, manhaja irin winpty takan buɗe ɓoyayyar taga, ta riƙa leƙa abin da ke cikinta, ta fassara shi zuwa umarnin VT.

Ja gefen taga ka rage faɗinta: dogayen layuka su karye su sake jeruwa, ko a datse su? Babu ƙa'idar da ta amsa, domin allon gilashi ba ya tsukewa. VTE tana sake jerawa, xterm ba ta yi.

Sixel, dabarar DEC ta aika hoto ɗigo shida-shida a tsaye, an yi ta ne don firinta a shekarun 1980, aka kai ta taminal irin VT340, aka manta da ita. Tsohuwar zuma ce: ta dawo, har Windows Terminal ta karɓe ta a 2024.

A wayar Android kuwa akwai Termux, inda ɗalibin da ba shi da kwamfuta ke iya koyon Linux da Python. Madannan waya ba su da Esc, ba su da Ctrl, sai Termux ta ƙara wani layi a samansu, ta kuma mayar da maɓallin rage sauti ya zama Ctrl. In wata manhaja ta aiko da lamba 7, babu ƙarfen da zai kaɗa, sai wayar ta yi ɗan kakkarwa a tafin hannu.